Tambaya: Yaya ake mayar da buhun algarara ya zama ribon na ado ba tare da bakinsa ya warware ba?

Maman Hanifa, Tarauni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sana'ata ita ce shirya kwandunan kyauta da ƙawata wuraren taro, kuma a bana wata abokiyar cinikina da ke Sabon Gari ta buƙaci in yi mata adon Kirsimeti irin wanda take gani a hotunan gidajen Amurka, inda ake naɗe bishiyar bikin da wani faffaɗan ribon mai launin ƙasa, a kuma ƙulla shi a jikin zoben ganyen da suke ratayawa a ƙofa. Da na duba hotunan da kyau sai na ga ba komai ba ne illa yadin buhun algarara da aka yanka ziri-ziri. Wanda ake shigowa da shi yana da tsada, naɗi ɗaya kuma yawanci bai wuce yadi 10 ba, alhali aikin zai ci fiye da haka nesa ba kusa ba. Ina kuma ganin idan abin ya yi kyau zan iya amfani da shi a kwandunan kyautar Sallah da na gara.

Abin da nake neman sani shi ne wane irin buhu ya dace, ta yaya ake yanka shi ya miƙe, kuma me ake yi wa bakin don kada zaren ya riƙa zubewa, domin wanda na gwada da almakashi kafin in ɗaga shi ya fara warwarewa. Haka nan akwai warin kananzir da ke tashi daga buhun, ga kuma batun siririyar wayar da ake sakawa a gefe don ƙullin ya tsaya. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Baba Mai Buhu, Dawanau

Wa alaikumus salam, 'yata. Ni ba mai ado ba ne, amma na daɗe ina sayar da buhu, saboda haka zan tsaya a kan zaɓen buhun, domin idan aka kuskure a nan babu gwanintar telan da za ta gyara.

Buhun algarara ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai nauyi wanda ake zuba hatsi da gyaɗa a ciki, saƙarsa a cushe take, idan kika lura za ki ga layukanta suna tafiya a karkace, kuma sau da yawa yana da ratsin shuɗi guda uku a tsakiya. Wannan shi ne irin buhun da aka riƙa jerawa ana yin dalar gyaɗa a nan Kano tun zamanin su Alhassan Ɗantata, an yi shi ne don ya jure dako da jifa a tarago, saboda haka kaurinsa ya wuce a ƙulla shi ya ba da sha'awa. Akwai kuma mara nauyi, mai saƙar zare ɗaya bisa ɗaya, wanda idan kika ɗaga shi sama za ki hango haske ta ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu. Shi ne masu kujeru suke shimfiɗawa a cikin kushin, magina kuma suke jiƙawa su lulluɓe kankare da shi don kada ya bushe da wuri. Wannan na biyun shi ne abin da kike gani a hotunan nan, kuma idan kin samu wanda ake yankawa a yadi a wurin masu sayar da kayan kujeru, ya fi miki buhu, tunda ba ki da aikin farke ɗinki. Buhun albasa ma daga wannan dangin yake, sai dai saƙarsa a sake take ƙwarai, ga warin albasa da ba ya barin sa.

Idan buhu kika saya, ki duba yadda aka ɗinka shi. Wanda aka naɗe daga gindi aka ɗinke gefe biyu, idan kika farke zai ba ki doguwar shimfiɗa mai ninki biyu na tsawon buhun, wato babban buhu mai tsawon kimanin inci 44 zai ba ki abin da ya haura yadi 2 babu haɗi. Wanda aka ɗinke gefe ɗaya da gindi kuwa faɗi zai ba ki, zirinki kuma zai fito gajeru.

Gargaɗina mafi girma shi ne ki guji tsohon buhun da aka ajiye wake ko masara a cikinsa. Kowa a wannan kasuwa ya san ana zuba wa hatsi maganin ƙwari a wurin ajiya, wani gari ne, wani ruwa, kuma zaren algarara yana shan abin da aka zuba masa. Abin da za a rataya a falo inda yara suke wasa, ko a ɗaura a kwandon da ke ɗauke da cincin da dubulan, bai kamata ya fito daga irin wannan buhu ba, ko da an wanke shi. Ki sayi sabo. Kuma ki kula, yanzu akwai buhun roba da ake yi masa launin ƙasa har ya yi kama da na gaske. Ki zaro zare ɗaya ki kusanta shi da ashana a waje: na algarara zai ci da wuta ya bar toka mai laushi da wari irin na takarda, na roba kuwa zai narke ya dunƙule.

Malam Tela, Ƙofar Wambai

Hajiya, Baba ya gama magana a kan buhu, ni kuma zan ɗora daga teburin yanka. Dalilin da ya sa naki ya warware shi ne almakashin ya tsallaka zaruruwa. Yadin algarara ba ya tsayawa a miƙe a kan tebur, yana karkacewa da zarar an ja shi, saboda haka layin da kika ja da alli da rula ba zai bi zare ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma duk zaren da aka datse a tsakiya to zubewa zai yi. Maganin abin shi ne ki bar saƙar da kanta ta nuna miki hanya. Ki auna faɗin da kike so daga baki, ki ɗan tsaga wurin, ki kama zare ɗaya na tsaye ki riƙa jan sa a hankali kina tura yadin baya da ɗaya hannun, har ya fita gaba ɗaya. Idan ya tsinke a hanya, ki nemo bakinsa da tsinin allura ki ci gaba. Inda ya fita zai bar wata siririyar hanya a fili, kuma a cikin wannan hanyar almakashi zai bi. Da farko aikin yana da cin rai, amma hannu yana sabawa da sauri.

Game da faɗi, inci 2 da rabi shi ne wanda aka fi yin ƙulli da shi, inci 4 zuwa 6 na naɗe bishiya ne ko zagaye ƙofa, inci 1 da rabi kuma na ɗaure ƙananan kwalaye da kwalabe. Ki ƙara rabin inci a kan abin da kike so idan za ki bar geza.

Abin da mutane da yawa ba su yi shi ne ɗinki kafin yanka, kuma a ganina nan ne asirin aikin yake. Bayan kin zare zaruruwan da suka raba shimfiɗar gida-gida, kada ki yanka tukuna. Ki hau keke ki bi kowace hanya da ɗinki ta dama da ta hagu, kina barin kamar zare biyu ko uku tsakanin ɗinkin da hanyar, sai bayan kin gama duka ki sa almakashi. Yadi mai faɗi yana tafiya a ƙarƙashin ƙafar keke lafiya lau, amma siririn zirin da aka riga aka yanka miƙewa yake yi yana murɗewa, bakinsa kuma yana zubewa tun kafin allura ta iso. Idan kekenki na zigzag ne, to shi ya fi, domin yana kama zaruruwa da yawa a lokaci guda. Idan kuwa baƙin keke ne irin Butterfly wanda ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, ki rage tsawon taku ki yi layi biyu kusa da juna. Allura lamba 16 ta isa, zare kuma ki nemi mai launin ƙasa idan kina son ya ɓace, ko ja ko kore idan kina son ɗinkin kansa ya zama ado. Bayan yanka sai ki zare zaruruwan da suke wajen ɗinkin, geza ta fito daidai wa daida, kuma ba za ta wuce inda ɗinkin ya tsare ta ba.

Batun waya kuma, kada ki ɗauki wadda maƙeran rodi suke ɗaure ƙarfe da ita, ta yi kauri, tana kuma tsatsa idan damina ta zo, tsatsar ta fito a jikin yadin. Siririyar wayar tagulla da masu naɗin koyil na fanka da janareta suke aiki da ita ta fi dacewa, domin tana lanƙwasuwa ta tsaya inda aka ajiye ta, launinta kuma yana sajewa da na buhun. Mai zigzag zai kwantar da ita a gefen zirin ya bi ta kanta da faffaɗan taku, yadda allura za ta riƙa sauka dama da hagunta ba tare da ta taɓa ta ba. A tafi a hankali, domin allurar da ta daki waya karyewa take yi. Mai baƙin keke kuma zai kalmashe bakin kamar rubu'in inci da wayar a ciki, ya danne da guga, ya bi da ɗinki. Wanda ba shi da keke ma yana iya zura wayar da hannu ta cikin ramukan saƙar, sama da ƙasa, sai dai a yadi 30 ko 40 wannan zai gajiyar da mutum. A kowane hali ki bar inci 1 na waya a ƙarshen zirin ki lanƙwasa shi ciki, don kada ya zame ko ya soki mai ɗauka.

Idan kina son dogon ziri, ki ɗora bakin ɗaya a kan ɗaya da rabin inci ki ɗinke, sannan ki shirya aikin yadda haɗin zai faɗa cikin ƙulli ko bayan reshe. Ki kuma riƙa share wurin da zaren ƙasa yake zama a keken bayan kowane aiki, ki ɗiga mai, saboda gashin algarara yana cika shi fiye da kowane yadi da na sani.

Anti Mai Kwalliya, Zoo Road

'Yar'uwa, ban ƙi maganar Malam Tela ba, amma ba kowane aiki ne ya cancanci hawa keke ba. Adon da za a yi amfani da shi mako biyu a cire, ko ribon ɗin da za a ɗaura a kwando a kwance shi ranar da aka kai, farin gam na kafintoci ya ishe shi. Ki dama shi da ruwa rabi da rabi, ki shimfiɗa yadin a kan leda, ki shafa da ƙaramin burushi a gefe biyu na hanyar da kika zare, ki bari ya bushe sarai kafin ki yanka. Idan ya bushe ba a ganinsa, sai dai bakin zai ɗan yi tauri. Wanda ya fi son abin gida yana iya jiƙa ƙaro, irin wanda masu wankin hula suke sawa, ya tsoma zirin gaba ɗaya ya matse, ya goge shi da sauran danshi. Ƙaro da sitati suna sa ƙulli ya tsaya ko babu waya, amma da zarar iskar damina ta kaɗa sai su saki, kuma sitati yana jawo kyankyasai a wurin ajiya.

Abin da na fi so ki yi tunani a kai shi ne idon mutanenmu. A Amurka ana son wannan ado ne saboda yana tuna musu da gidan gona da rayuwar karkara da yawancinsu suka yi nisa da ita. Mu kuwa buhu yana ƙofar gidan kowa, kuma idan kika kai wa dangin miji gara a ɗaure da zirin buhu tsurarsa, akwai gwaggon da za ta tambaya ko kuɗin ribon ne ya gagara. Abokiyar cinikinki ta Sabon Gari ta san abin da ta nema, ita ba matsala. Amma a kayan Sallah da na biki dole a haɗa shi da abin da zai nuna cewa da gangan aka yi: siririn leshi fari a tsakiyar zirin, ko zirin atamfa mai inci 1, ko ɗinkin zare mai ruwan zinare a gefe. Na ga ya fi karɓuwa idan aka ɗaura shi a kan faifai, ko kwandon kaba, ko ƙwarya mai zane irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi, domin a nan launukan suna tafiya tare. A kan kwali mai ƙyalƙyali kuwa ba ya kyau ko kaɗan.

Malama Mai Koyar da Saƙa da Rini, Gwale

Maman Hanifa, saura wari da launi, kuma dukansu suna komawa ga asalin zaren. Algarara ana samun ta ne daga ɓawon wani tsiro ɗan gidan su lalo, har ma ɗaya daga cikin nau'o'insa biyu shi ne lalon da muke miya da shi, sai dai a Indiya da Bangladash, inda ake noma mafi yawansa a duniya, ana shuka shi a cushe ya yi tsawo, a sare, a jiƙa a ruwa har ɓawon ya saki, kamar yadda manomanmu suke yi wa rama idan za su tufka igiya. Zaren da ake samu busasshe ne mai karyewa, inji ba ya iya kaɗa shi sai an tausasa shi da mai. A shekarun 1830 masaƙun garin Dandi na Sikotland suka gano haka suna amfani da man kifin whale, a 1855 kuma aka kafa masana'anta ta farko a kusa da Kalkata. Daga baya aka koma man da ake tacewa daga fetur, kuma shi ne warin kananzir ɗin da kike ji. Buhunan da ake yi musamman don koko da kofi da man tsirrai ake tausasa su, saboda haka idan kin samu sabo daga cikinsu warinsa kaɗan ne.

Kada ki saka shi a injin wanki, domin zai zubar da gashi ya toshe injin, yadin kuma ya fito a yamutse. Tun yana shimfiɗarsa, kafin a zare ko a yanka, ki kakkaɓe shi a waje, ki jiƙa a ruwan sanyi da ɗan sabulu kaɗan da kofi ɗaya na khal a babban baho na kimanin awa ɗaya, ki ɗauraye ba tare da cuɗawa ko murɗawa ba, tunda zaren yana raunana idan ya jiƙe. Zai ɗan tsuke, shi ya sa ake wanki kafin awo. Ki shanya a inuwa inda iska take ratsawa, ki goge da dutsen guga mai zafi yana da sauran danshi. Rana mai ƙarfi tana sa shi ya yi ja-ja ya kuma yi saurin tsinkewa, saboda zaren yana ɗauke da sinadarin itace mai yawa wanda auduga ba ta da shi. Saboda wannan dalilin ne kuma bilic da kanwa mai yawa suke cin sa, gara ki bar shi da launinsa ko ki sayi wanda aka riga aka faranta.

Rini yana kama shi sosai, amma ki tuna a kan launin ƙasa kike rinawa, ba a kan fari ba. Jar galura za ta ba ki ja mai duhu, wanda ya dace da Kirsimeti, kore kuma zai fito kamar ganyen da ya fara bushewa. Idan kika kai marinar Ƙofar Mata, shuni zai hau, amma tsomawa ɗaya ko biyu za ta ba ki shuɗi mai ratsin kore, sai an maimaita kafin ya yi duhu, kuma ki roƙi marinin kada ya bar shi ya daɗe a ciki saboda tokar da ke ruwan. Ki fara kai ƙyalle ɗaya a gwada.

Abu na ƙarshe shi ne wuta. Ribon na roba ana ƙona bakinsa da ashana don ya daina zarewa, amma wanda ya yi wa algarara haka zai ƙone zirin duka. Bikin Kirsimeti yana faɗowa a tsakiyar hunturu, lokacin da komai ya bushe ƙayau, ga kuma sauran mai a jikin zaren. Ki gaya wa mai aikin ta nisanta shi daga kyandir da kaskon turaren wuta, fitilun da za a naɗa tare da shi kuma su kasance na LED waɗanda ba su zafi. Ke ma ki sa takunkumi lokacin yanka, musamman idan akwai mai asma a gidan.

Maman Hanifa, Tarauni

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi. Malam, tambaya ɗaya ta rage mini: idan zan ɗora leshi a tsakiya kamar yadda Anti ta ce, kafin yanka zan ɗinka shi ko bayan an saka waya?

Malam Tela, Ƙofar Wambai

Kafin yanka, Hajiya, kuma kafin waya. Da zarar kin zare hanyoyin, ki ɗora leshin a tsakiyar kowane gida ki kafe shi da fil, ki ɗinke, sannan ki bi gefuna, waya ta zo a ƙarshe, domin zirin da ke da waya ba ya kwanciya a ƙarƙashin ƙafar keke. Ki jiƙa leshin ya bushe tukuna idan na auduga ne, don kada ya tsuke daga baya ya tattare zirin. Idan kin gama, ki naɗe kowane ziri a jikin kwalin da ake naɗe yadi a kai, wanda 'yan Kantin Kwari suke zubarwa, kada ki ninke shi, saboda inda waya ta karye sau ɗaya ba ta komawa daidai.